Ƙuri'a ma a ƙafa take

Magabata sun ce zumunta a ƙafa take, wato wanda bai taka ya je ba bai sada ta ba. To, ƙuri'a ma haka take. Kome kyan abin da doka ta rubuta game da ƴancin ɗan ƙasa na zaɓen wanda zai shugabance shi, ƴancin nan yana kwance cikin takarda har sai mutum ya bar gidansa, ya isa rumfar zaɓe, ya jefa ƙuri'arsa cikin akwati da hannunsa. Tsakanin ƙofar gida da bakin akwati akwai hanya, hanyar nan kuwa ba tsawonta ɗaya ba ga kowa. Ma'aikacin da ke zaune Yamai yakan ratsa titi biyu, ya shiga lakwal ɗin unguwarsu, ya gama ya komo kafin shayinsa ya huce. Tsohuwar da ke wata tunga arewa da Dakwaro, ita sai ta ba da wuni guda. Wajen ƙidaya kowanensu ƙuri'a ɗaya gare shi, amma shi kyauta ya samu tasa, ita kuwa sayen tata ta yi da ƙafarta da guminta.

Mai karatu yana iya cewa: mi ya kawo zancen zaɓe yanzu, alhali babu zaɓe gabanmu? Gaskiya ne. Tun ran 26 ga Yuli na 2023 da sojoji sunka karɓi mulki anka jingine tsarin mulkin 2010. Cikin watan Afirilu na 2024 anka rushe majalisun ƙananan hukumomi. Ran 26 ga Maris na 2025 kuma anka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya yanke wa'adin watanni 60 da ake iya sake dubawa, anka kuma rushe jam'iyyun siyasa. To ai wannan shi ne dalilin da ya sa munka ɗauko zancen yau. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan guguwar zaɓe ta taso, babu mai iya cewa a ƙara rumfa wuri kaza ba tare da an ce wani ɗan takara yake yi ma aiki ba. Yanzu da babu ɗan takara babu tuta, ana iya auna hanya da hankali kwance. Ko ba daɗe ko ba jima za a sake kiran jama'a gaban akwati, za a kuma sake rubuta dokar zaɓe. Masu rubuta ta su bar wuri ga babi guda: yadda mai zaɓe zai isa inda ake zaɓen.

Mu fara da faɗin ƙasar. Nijar tana da murabba'in kilomita 1.267.000, jihar Agadas ita kaɗai ta ɗauke fiye da rabi. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ɗoriya, fiye da kashi 80 cikin 100 mazauna karkara. Hanyar gudro da ta tashi daga Yamai ta bi Doso, Birnin Ƙonni, Maraɗi da Damagaram har Difa, da wadda ta bi ta Tawa zuwa Agadas da Arlit, su ne ƙashin bayan sufurinmu. Wanda ya sauka daga kansu ya nufi Barmo, ko Tasker, ko Cintabaraden, shi ya san abin da ake kira hanya: birji mai gargada, sa'annan rairayi, sa'annan sawun mota kaɗai, wanda iska kan shafe cikin dare ɗaya. Ko nan kudu inda garuruwa ke jin carar zakarun juna, Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba da kwarin Majiya sukan raba gari da maƙwabcinsa da zaran ruwa ya sauka.

Alƙaluman zaɓubbukan da sunka gabata suna da abin faɗi. A zaɓen shugaban ƙasa na 1993, na farko bayan Babban taron ƙasa na 1991, wanda ya kai Mahamman Usman ga mulki, masu rajista sun kai kimanin miliyan 4, amma wajen kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai sunka fito. Ran 27 ga Disamba na 2020, masu rajista sun kai miliyan 7 da dubu 400, rumfunan zaɓe kimanin 26.000, fitowar jama'a ta kusa kashi 70 cikin 100. A zagaye na biyu, ran 21 ga Fabrairu na 2021, ta sauka wajen kashi 63. Ci gaba ne babu shakka. Duk da haka, mutum fiye da miliyan 2 da ke da suna cikin rajista ba su zo ba. Ba dukansu nisa ya hana ba: wani ya yanke ƙauna da ƴan siyasa, wani ba shi da lafiya, wani yana bakin nema wata ƙasa. Amma cikinsu akwai waɗanda sunka so zuwa, hanya ta fi ƙarfinsu, kuma su ne ya kamata hukuma ta ji kunyarsu.

In anka raba miliyan 7 da dubu 400 ga rumfuna 26.000, kowace rumfa za ta tashi da mutum wajen 285. Ga mai zaune biro, lissafin ya yi kyau. Sai dai irin wannan lissafi kawuna yake ƙirgawa, ba ya auna ƙasa. Mutum 285 cikin unguwar Birni ta Damagaram, kiran ladan ɗaya ke tashinsu da asuba. Mutum 285 cikin ƙasar Tasker kuwa sun warwatsu bakin rijiyoyi, tsakanin wata da wata tafiyar wuni ce bisa raƙumi. In ka ba su rumfa ɗaya-ɗaya ka ce ka yi adalci, takarda za ta yarda da kai, ƙafa ba za ta yarda ba.

Akwai kuma abin da mutanen birni kan manta: tafiyar mai zaɓe ba guda ba ce. Ta farko, neman takardar haihuwa, ko shaidar alƙali da ke maye gurbinta, ga wanda anka haifa ƙauye ba a rubuta shi ba. Ta biyu, zuwa rajista, inda cikin 2019 da 2020 anka ɗauki hoto da zanen yatsu. Ta uku, komawa karɓar katin zaɓe. Ta huɗu, ranar jefa ƙuri'a. In an je zagaye na biyu, ta biyar ke nan. Kowace tafiya tana zubar da wasu bisa hanya, kamar buhun geron da ya huje bayan jaki, kafin a kai kasuwa an rasa tiya da yawa ba tare da kowa ya ga lokacin da ta zube ba. Abin yabo, kafin rajistar nan alƙalai sun fita ƙauyuka sun yi zaman ba da takardun haihuwa. Wannan ya nuna hukuma ta iya zuwa wajen talaka in ta yi niyya.

Su wa ke zubewa bisa hanyar? A ce tungarku tana kilomita 12 daga garin da anka kafa rumfa. Ga mai lafiya, tafiyar awa uku ce zuwa, awa uku komowa, ban da tsayuwar layi. Saurayi zai iya. Mace mai ciki wata takwas ba ta iyawa, mai goyo ma sai da wuya, balle wadda sai ta ɗebo ruwa ta yi daka ta aza tukunya kafin ta fita. Tsoho mai ciwon gwiwa, da makaho marar ɗan jagora, da gurgu wanda kekensa ba ya tafiya cikin yashi, duk sun fita lissafi. Makiyayi kuma sai ya zaɓa tsakanin akwati da shayar da bisashensa, kowa ya san wanda zai zaɓa. In an ce a hau kabu-kabu, a ce jikka ɗaya zuwa jikka ɗaya komowa, maigida mai mata biyu da tsohuwar uwa zai fidda jikka takwas don a jefa ƙuri'a huɗu. Ga wanda rumbunsa ya fara nuna ƙasa, wannan ba zance ba ne. Sai maigida ya tafi shi kaɗai, mata su zauna. Ta haka nisa ke tace jama'a, ya bar maza masu ƙarfi, ya ɗebe mata da tsofaffi da matalauta, su kuwa su ne sunka fi kowa buƙatar rijiya da asibiti da hanya.

Lokacin da ake sa zaɓe ma yana ƙara ma hanya tsawo ko ya rage mata. Zaɓen shugaban ƙasa na 1996 ran 7 da 8 ga Yuli anka yi shi, na ƙananan hukumomi na 2004 ran 24 ga Yuli, dukansu cikin damina, manomi yana gona, ƙoramu sun cika, makiyaya sun yi arewa. Na 2016 da zagaye na biyu na 2021 sun faɗo ran 21 ga Fabrairu, lokacin da samarin Adar da na Damargu da na Gobir sunka watsu cin rani, wasu Kano da Ikko, wasu Abijan, wasu Libiya da Aljeriya. Mai cin rani ba ya biyan kuɗin mota daga Abijan don ya jefa ƙuri'a ya koma. Tsakanin waɗannan lokuta biyu akwai ƴar taga, daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, an gama girbi, aljihu da ɗan nauyi, hanyoyi sun bushe, ƴan cin rani da yawa ba su tashi ba tukuna. Cikinta anka yi zagaye na biyu na 1999, ran 24 ga Nuwamba, da zaɓen 2004, ran 16 ga Nuwamba da 4 ga Disamba.

Rashin tsaro ya zo ya ƙara wani nauyi. Cikin 2015 anka hana hawan moto jihar Difa, daga farkon 2020 anka yi haka cikin wasu yankunan Tilaberi, domin maharan da moto suke yawo. Dalilin a fili yake, amma moto ita ce motar talakan karkara, kuma cikin wannan hali mutanen Difa sunka yi zaɓen 2016, na Tilaberi sunka yi na 2020 da 2021. Dubban iyalai sun bar garuruwan da anka rubuta sunayensu. Shi kansa akwatin matafiyi ne. A zaɓen Fabrairu na 2016, wurare da dama kayan aiki ba su isa kan lokaci ba, sai da anka ci gaba da jefa ƙuri'a washegari. Wanda ya yi tafiyar awa uku ya tarar da rumfa rufe, da wuya ya sake ta gobe. Ran 21 ga Fabrairu na 2021 kuma, ma'aikatan hukumar zaɓe ta CENI su 7 sunka rasa rayukansu lokacin da motarsu ta taka nakiya cikin ƙaramar hukumar Dargol, jihar Tilaberi. Duk mai zancen hanyar zaɓe ya tuna da su.

Inda hukuma ta bar giɓi, wani ya cika shi, kuma kowa ya san ko wane ne. Da sassafe kamyo kan tsaya bakin tunga da tutar jam'iyya, a loda maza da mata har bisa ƙarfe, a nufi rumfa. Wasu na kiran wannan taimako. Mu duba shi da kyau. Motar ɗan takara ba ta zuwa kowace tunga, tana zuwa inda ya tabbata nasa ne, ta wuce ta gaban waɗanda yake shakka tana bulbula masu ƙura. Wato mai mota ne ke zaɓen waɗanda za su yi zaɓe. Sa'annan wanda ya hau ya ɗauki bashi. An ce ƙuri'a asiri ce, mutum shi kaɗai yake shiga bayan labule, amma Bahaushe da kunya aka san shi, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Daga ƙarshe, da yamma in an rufe rumfa, buƙatar mai mota ta biya, sau da yawa a ƙafa ake komawa gida. Ba banza anka ce wanda ya hau motar kwaɗayi tashar wulaƙanci zai sauka ba. Sai dai a nan laifin ba na mai hawa ba ne, domin babu wata motar da anka kawo masa ya ƙi.

Alhazai ƴan kasuwa, wannan zance ya shafe ku kai tsaye, domin motocin naku ne. Ɗan takara ba ya da kamyo goma, aro yake yi wajenku, ku zuba mai, ku biya direba da karen mota. Wani don zumunci yake yi, wani don tsoron abin da zai biyo baya in wancan ya ci, wani da fatan kwangila. In ya faɗi, asara ta hau kanku, wanda ya ci kuma ya riƙe ku a zuci shekara biyar. Tsarin da zai sa hukuma ta yi hayar motarku a fili, da rasit, da farashin da kowa ya sani, ya fi maku kwanciyar hankali bisa ga wannan caca.

Ba mu kaɗai ke da ƙasa mai wuyar ratsawa ba, wasu kuma sun riga mu neman mafita. Indiya, wadda a zaɓenta na 2024 masu rajista sunka kusa miliyan 970 da rumfuna fiye da miliyan ɗaya, ƙa'idar hukumar zaɓenta ita ce kada mai zaɓe ya yi tafiyar da ta wuce kilomita 2. Rubuta irin wannan iyaka abu ne mai sauƙi, abin da ya sa tasu ta yi suna shi ne aiki da ita. Cikin dajin Gir na jihar Gujarat, an daɗe ana kafa rumfa saboda mutum ɗaya tak. A 2024 sun ba tsofaffi masu shekara 85 zuwa sama da naƙasassu damar jefa ƙuri'a cikin gidajensu. Dokarsu ta 1951 kuma ta sa ɗaukar masu zaɓe kyauta da motar da ɗan takara ya yi haya cikin jerin laifuffukan maguɗi.

Barazil ta bi wata hanya. Tun 1974 tana da doka ta musamman game da sufurin mutanen karkara ranar zaɓe. Motoci da jiragen ruwan gomnati, ban da na soja, ana miƙa su hannun alƙalan zaɓe. In ba su isa ba a nemi na ƴan kasuwa a biya su. Kwana 15 kafin zaɓe ake bayyana hanyoyin da motocin za su bi da lokacin tashinsu, don mai ƙorafi ya yi. Jam'iyya da ɗan takara kuwa an hana su ɗaukar kowa. Abin lura a nan, dokar da ta hana ita ce ta tanadi madadi.

Maƙwabciyarmu Najeriya tana da darasi iri biyu. Cikin 2021 hukumar zaɓenta ta ƙara rumfuna daga kimanin 120.000 zuwa 176.846, bayan shekara 25 ba a ƙara ba, wannan abin koyi ne. Amma ran 16 ga Fabrairu na 2019, sa'o'i kaɗan kafin buɗe rumfuna, an ɗage zaɓen ƙasa baki ɗaya da sati guda saboda kayan aiki ba su isa ba, mutanen da sunka biya mota sunka tafi garuruwansu don zaɓe sunka yi asara. Can kuma an saba hana zirga-zirgar motoci ranar zaɓe. Wannan yana iya yin amfani inda rumfa ke bayan gida. Inda take kilomita 12, hana mota daidai yake da hana zaɓe.

To mi ya kamata mu yi? Abu na farko, kafin a yi zancen kai mutum ga akwati, a kai akwati ga mutum. Ɗaukar akwati ɗaya da ma'aikata biyar ya fi araha bisa ɗaukar mutum 200. A auna nisa da awar tafiyar ƙafa, kuma ƙafar tsohuwa, domin kilomita 2 bisa gudro daban take da kilomita 2 cikin tudun rairayi ko ƙetaren gulbi. Kada a zana taswirar rumfuna Yamai. A zana ta cikin kowace ƙaramar hukuma, gaban masu gari da arɗaɗɗan Fulani da shugabannin zangunan Abzinawa, a karanta ta gidajen rediyon karkara wata uku kafin zaɓe, wanda anka manta da tungarsa ya samu lokacin yin magana. Yankin makiyaya, rumfa ta bi ruwa: bakin rijiya da famfo da tabkin da ake shayarwa cikin wannan watan, ba inda anka gan su bara da damina ba. Waɗanda rikici ya kora kuma a kai masu rumfa inda suke zaune.

Na biyu, inda ba a iya kusantar da rumfa, hukumar zaɓe ta ɗauki nauyin sufuri da kanta. Ba sai an sayo sabuwar mota ko ɗaya ba, tsarin yana nan tun tuni, shi ne na cin kasuwa. Kowace Litinin da Juma'a motocin ƙauyuka na shigowa Maraɗi, kowace Alhamis suna shigowa Damagaram, kowace Lahadi suna cika Baleyara da Ayoru. Direbobin nan sun san kowace tunga, sun san inda ake kafewa da inda ake zagayawa. A zauna da ƙungiyoyinsu da sarakunan tasha, a yanke ma kowace mota hanyarta da lokacinta, a liƙa mata alamar hukuma, babu tuta babu hoton kowa. Ta ɗauki duk wanda ya nuna katin zaɓe, ta fara da tsofaffi da masu ciki da naƙasassu, kuma kada a cika ma direba kuɗinsa sai ya maida mutane gida. Inda mota ba ta shiga, amalanken shanu da na jaki suna shiga, masu su ma a yi hayarsu. Kuɗin mai ya isa kafin ranar, domin duk wanda ya taɓa yi ma gomnati aiki bashi ya san dalilin da ke sa direba noƙewa.

Na uku, sai bayan wannan ya tsaya da ƙafafunsa sa'annan a hana ɗan takara ɗaukar masu zaɓe, a kuma sa hukunci mai zafi. Jerin yana da muhimmanci. In anka fara da hani ba a kawo madadi ba, an tsare ma talaka motar da ke gare shi ke nan an bar shi da rana. Hanin kuma kada ya hau kan wanda ya ɗauko mahaifiyarsa bayan moto, ko maƙwabcin da ya rage ma makaho hanya.

Na huɗu, a rage yawan tafiye-tafiyen. Ayarin da ke ba da takardar haihuwa da na rajista su fita tare. Katin zaɓe ya iske mai shi garinsa, a raba shi bainar jama'a ranar kasuwa. A tsaida lokacin zaɓe cikin tagar nan ta bayan kaka. Ma'aikacin da anka canza ma wurin aiki daga Tasawa zuwa Abalak bayan ya yi rajista, da ɗan kasuwar da ya ƙaura, a sauƙaƙa masu maida sunansu inda suke. Inda dokar tsaro ta hana moto, a zauna da jami'an tsaro tun da wuri a shirya motocin da za su maye gurbinta, da rakiyar da za ta tsare su.

Za a ce ina kuɗin? Tambaya ce mai kyau, ƙasarmu ba mai wadata ba ce. Amma kowane zaɓe ana kashe biliyoyin sefa wajen takardu da tawada da na'urori da alawus. Takardar ƙuri'ar da anka buga mai ita bai iso ba, ita ma asara ce. Tun da ba kowa za a ɗauka ba, sai na nesa da marasa ƙarfi, abin da za a kashe bai kai yadda ake tsoro ba, kuma a rubuta shi cikin kasafin ƙasa kada a jira masu ba da agaji. Za a kuma ce ƙananan rumfunan daji ƙofar maguɗi ce, tun da babu mai ganin abin da ke gudana. Wannan tsoro yana da tushe. Maganinsa, motar da ta kai akwati ta kai wakilan ƴan takara duka da masu sa ido, a ƙirga nan take gaban jama'a, a liƙa sakamakon jikin rumfa. A tuna kuma, rumfar da masu ita ba su iya isa gare ta ita ce ta fi daɗin cikawa da ƙuri'un waɗanda ba su zo ba.

Ku kuma ma'aikatan gomnati, ilmin da ake buƙata yana hannunku. Malamin lakwal ɗin ƙauye ya san daga ina kowane ɗalibinsa ke tahowa. Malaman asibiti da ke fita rigakafin shan inna suna bin gida-gida, ruga-ruga, sun san tungar da ba ta cikin kowace taswira. Malaman dabbobi sun san burtali da mashaya da watan da ake sauka kowace. In ɗigon magani yana iya iske jariri cikin bukkar uwarsa, babu dalilin da zai hana akwati iske uwar. Abin da ya rage, a tattara abin da kowane sashe ya sani wuri ɗaya, tun yanzu, ba sai an buga gangar zaɓe ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shugaban da mutanen bakin gudro kaɗai sunka zaɓa, bakin gudro zai yi ma aiki, domin nan ya ga fuskokin da sunka ɗora shi. Tungar da ba ta zuwa zaɓe ba a yi mata hanya, rashin hanyar kuma shi ke hana ta zuwa zaɓe na gaba, haka abin ke zagayawa tun 1993. Ranar da za a sake buɗe rumfuna, kowa zai zuba ido ya ga wa ya ci. Mu dai muna roƙon masu rubuta sabuwar doka su ƙara wata tambaya da hukumar zaɓe za ta amsa gaban jama'a bayan kowane zaɓe, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma: awa nawa wanda ya fi kowa nisa ya yi bisa hanya, kuma wa ya biya masa?

Masu karatu da ke ƙauyuka da waɗanda sunka taɓa aikin rumfar zaɓe, ku rubuto mana nisan da ke tsakanin garinku da rumfarku, da yadda kunka yi kunka isa. Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.